Gwanintar Ɓoye Fitila

Duk wanda ya taɓa raka mace sayen atamfa a Kantin Kwari ya san wannan ɗabi'a. Mai shago zai warware turmi, ya shimfiɗa shi ƙarƙashin ƙwan lantarki, ya yi ta zuba yabo. Ita kuwa sai ta kama bakin zanen ta ce, "Alhaji, bari in duba shi a rana." Ta taka zuwa bakin ƙofa, ta ɗaga, ta juya. Sau da yawa jan da ta gani a ciki sai ya koma ruwan goro a waje, shuɗin da ya ɗauki hankalinta ya zama wani abu tsakanin baƙi da toka. Ba ta shiga ajin kimiyya ba, amma ta riga ta san abin da injiniyoyi suka shafe shekaru suna aunawa: rabin launi yana jikin zane, rabinsa yana cikin hasken da ya sauka a kansa. Ƙwan shagon ya yi mata ƙarya, shi ya sa ta kai ƙara wajen rana.

Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su raba mai saye da wannan tattaki zuwa bakin ƙofa. Su ne masu tsara hasken gini, waɗanda ake kira idan za a gina babban kanti, otal, banki, ofis ko gidan adana kayan tarihi. Aikinsu daban yake da na mai wayarin, wanda ke jan waya ya tabbatar wuta ta isa ko'ina lafiya, daban kuma da na mai zanen gini. Tambayar da mai tsara haske ke yi ita ce: idan mutum ya turo ƙofa ya shigo, a kan me idonsa zai fara sauka, daga nan kuma ina zai bi? Sana'ar ba tsohuwa ba ce, ƙungiyarsu ta duniya ma sai a 1969 aka kafa ta a Amurka. Kuma sana'a ce mai ban tausayi ta wani ɓangare, domin idan aiki ya yi kyau ba wanda ke lura da shi. Baƙo zai fita daga otal yana cewa wurin akwai natsuwa, ya yaba kujeru, ya yaba fenti, bai san cewa wani ya kwana yana lissafin inda inuwa za ta faɗi ba.

Wanda masu wannan sana'a ke ɗauka uban gidansu shi ne Richard Kelly, Ba'amurke, wanda aka haifa a 1910 ya rasu a 1977. Ya karanci zanen gini a Jami'ar Yale, ya kuma ɗauki darasi daga masu haska dandalin wasan kwaikwayo, mutanen da suka daɗe da sanin cewa da fitila ake juya hankalin 'yan kallo. Wani aikinsa ya ishe mu misali. A 1949 mai zanen gini Philip Johnson ya gina wa kansa gida a New Canaan, jihar Connecticut, wanda bangonsa duka gilashi ne. Da rana abin gwanin sha'awa, kana zaune a ɗaki kamar kana cikin daji. Da dare ya yi aka kunna fitila a ciki, sai gilashin ya rikiɗe ya zama madubi baƙi ƙirin, mai gida ba ya ganin komai sai fuskarsa, na waje kuwa yana kallonsa sarai. Wani zai ce a sa labule. Kelly sai ya fita waje ya haska bishiyoyi da ciyawar da ke kewaye da gidan, ya rage hasken ciki. Gilashi ya koma gilashi. Har yau da wannan ƙa'ida ake haska tagar manyan kantuna: gilashi yana nuna maka ɓangaren da ya fi haske ne, saboda haka kayan da ke bayansa dole su fi titin da kake tsaye haske.

A 1952 Kelly ya raba haske gida uku, kuma rabon nasa ya zama harshen sana'ar. Na farko shi ne hasken da ke tattara ido wuri guda, kamar wutar mai tsire a bakin titi da dare, wadda tun daga nesa ta gaya maka inda za ka nufa. Na biyu shi ne hasken da ke cika wuri ba tare da ka san daga ina yake ba, irin na safiyar hunturu lokacin da hazo ya rufe rana, ko'ina fari, ba inuwa. Wannan shi ke kwantar da hankali, amma idan shi kaɗai ne a ɗaki sai komai ya zama lami, kamar miya ba gishiri. Na uku shi ne ƙyalƙyali, sheƙin da ake so don kansa, kamar na kayan doki ranar hawan Sallah. Gwanintar tana wajen haɗa su, a san wanda za a yawaita da wanda za a ɗan yayyafa.

Aikin da ya fi fito da sunansa shi ne benen Seagram mai hawa 38 a birnin New York, wanda Mies van der Rohe ya zana aka kammala a 1958. A zauren shiga, Kelly ya ɓoye fitilu a cikin silin, ya sa suka wanke bangon dutse mai ruwan madara da haske tun daga sama har ƙasa, ba tabo ba gurbi. Mai wucewa a titi ba ya ganin ƙwai ko ɗaya, sai dai ya ga bango yana haske kamar daga jikinsa yake fitowa. Edison Price ne ya ƙera masa fitilun. Darasin da ke ciki shi ne ido ba ƙasa yake kallo ba, gabansa yake kallo. Ɗakin da aka zuba wa haske a daɓe aka bar bangonsa da duhu zai yi kama da rami, ko da mita ta nuna hasken ya isa. A gidan zane-zane na Kimbell da ke Fort Worth a Texas, wanda Louis Kahn ya zana aka buɗe a 1972, fitilar Kelly mafi shahara ba ta da ƙwai ma sam. Faranti ne na alminiyom mai lanƙwasa da ƙananan huji, an rataye shi ƙarƙashin wata tsaga a rufi, yana karɓar zafaffiyar ranar Texas ya mayar da ita jikin bakan siminti, ta sauko a sanyaye da launin azurfa.

Kelly ya yi duk wannan da kayan aiki masu nauyi da zafi. Ƙwan zamaninsa mai wat 60 yana ba da haske kimanin lumen 800, kuma mafi yawan wutar da ya ci zafi take zama. A 1962 Nick Holonyak na kamfanin General Electric ya ƙera ƙwayar fitilar da ake kira LED mai jan haske, amma shekara da shekaru ba ta wuce ɗan ɗigon da ke nuna rediyo a kunne yake ba. Shuɗi ne ya gagara. Sai a farkon shekarun 1990 wasu Japanawa uku, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano a Nagoya da Shuji Nakamura a kamfanin Nichia, suka shawo kansa, abin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Da shuɗi ya samu, fari ya samu: a shafa wa ƙwayar wani sinadari mai mayar da wani kaso na shuɗin zuwa rawaya, ido ya haɗa su ya ga fari. Yau LED mai wat 9 tana ba da hasken wancan ƙwai mai wat 60. Tarayyar Turai ta fara janye tsohon ƙwai daga kasuwa a 2009, a 2023 kuma ta bi da dogayen fitilun nan na ofis masu sinadarin makuri.

Ragin kuɗin wuta shi ne abin da mai gini ke ji. Abin da ya faranta ran mai tsara haske kuwa ƙanƙanta ce. Ƙwayar LED ba ta kai ƙwayar dawa ba, kuma gwargwadon ƙanƙantar tushen haske, gwargwadon yadda ake iya sarrafa shi. A ɗora masa ɗan gilashin tattara haske, sai ya fita a tsuke kamar mashi, digiri 10, ya sauka kan agogo guda a cikin akwatin gilashi bai taɓa na kusa da shi ba. A canza gilashin, ya buɗe zuwa digiri 36 ko 60 ya rufe teburi. Akwai wanda ke karkatar da hasken gefe guda don wanke bango. Sababbin fitilun da kamfanoni irin ERCO na Jamus, iGuzzini na Italiya da Zumtobel na Ostiriya ke fitarwa, yawancinsu a kan wannan suke gasa. Wasu siraran layuka ne da ba su fi yatsa kauri ba, ana binne su a gefen matakala ko ƙarƙashin kanta. Wasu kuma suna maƙalewa da maganaɗisu a jikin dogo mai ƙaramar wuta, bolt 48, yadda idan mai kanti ya canza jerin kaya, ma'aikaci zai ciro fitila ya matsar da ita da hannu ba tare da an kira mai wayarin ba.

Sai dai ƙanƙantar nan takobi ce mai kaifi biyu. Haske mai yawa daga ɗan mitsitsin wuri yana kashe ido. Nan ne ake gane gwani. Fitila mai kyau ƙwayarta tana can ciki, a lungu, bakinta baƙi ne ko an sa mata raga mai kamar saƙar zuma, ta yadda sai ka tsaya daidai ƙarƙashinta ka ɗaga kai kafin ka ga tushen. Daga nesa rami ne kawai mai duhu a silin, amma teburin da ke ƙasa yana haske. Ƙa'idar Turai ta hasken wuraren aiki ta ce teburin rubutu ya sami haske mai ma'aunin laks 500, baranda laks 100, ta kuma sa iyaka ga kashe ido, wanda a ofis ma'auninsa kada ya wuce 19. Lissafi ne da kwamfuta ke yi, da manhaja irin DIALux, tun kafin a aza tubali. Amma lissafin ba ya hana ɓarna idan ido bai waye ba. Shiga sababbin filazojinmu da yawa ka ɗaga kai: silin na POP cike da fararen ɗigo kamar mai fama da ƙyanda, an zagaye shi da zaren shuɗi da kore, kayan sayarwa kuwa suna cikin inuwar kantocinsu. An kashe kuɗi an haska silin, wanda ba na sayarwa ba ne.

Wasu ƙa'idojin suna da sauƙin faɗa. Mai wanke bango ana ja da shi baya daga bangon kimanin kashi ɗaya cikin uku na tsawon ɗakin zuwa silin. Idan aka matso da shi daf da bango, hasken zai bi jikinsa yana shafa, ya tono duk wani tudu da kwari. A bangon dutse ko mai zanen dagi wannan ado ne, a bangon da mai filasta ya yi wa aikin gaggawa kuwa tonon asiri ne. Hoto a bango ana haska shi daga kusurwar digiri 30, don kada inuwar firam ta rufe shi, kada kuma sheƙi ya dawo idon mai kallo. Idan ka ninka nisan fitila sau biyu, hasken da ke isa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Kuma ido ba ya auna haske da mudu, kwatantawa yake yi. Ranar tsaka tana kai laks 100,000, farin wata bai kai laks 1 ba, amma a duka biyun mutum yana gane hanyar gidansu. Saboda haka idan ana son rigar da ke jikin gunkin talla ta fito, ba dole sai an ƙara mata wuta ba, wani lokaci rage ta kewaye ya isa.

Mu koma ga hajiyar Kantin Kwari, domin nan ne aikin ya fi zurfi. Fari iri-iri ne, ana kuma auna shi da kelbin. Kyandir wajen 1,900 yake, tsohon ƙwai 2,700, hasken ofis 4,000, ranar tsaka 5,500 zuwa sama. Abin dariya, mai ƙaramar lamba shi ake kira mai ɗumi, mai babbar lamba mai sanyi. Gidan cin abinci da ɗakin otal suna son mai ɗumi, asibiti da ɗakin gwaji suna son mai sanyi. Amma fitilu biyu na iya zama kelbin ɗaya, ɗaya ta nuna jan atamfa yadda yake, ɗaya ta kashe shi. Dalili kuwa LED mai arha shuɗi da rawaya ne kawai a cikinta, ja ya yi ƙaranci, kuma zane ba zai iya mayar wa ido launin da ba a aiko masa ba.

Akwai ma'aunin da ake bugawa a kwali, CRI, wanda ƙarshensa 100. Mai 80 ya wadatar a sito ko wurin ajiye mota, kantin tufafi yana son 90 zuwa sama. Sai dai gwani ba ya tsayawa nan, domin ya san an gina ma'aunin a kan launuka takwas masu laushi, babu ja mai ƙarfi a cikinsu. Jan yana da lambarsa daban, R9, wadda masu arha ba sa son bugawa. Fitila na iya cin 80 a kwali alhali janta bai kai 10 ba. A ƙarƙashinta tumatir ya yi kamar ya kwana uku, nama ya yi duhu, fatar baƙin mutum ta yi toka-toka kamar wanda bai shafa mai ba da hunturu. Amaryar da ta sha kwalliya ta shiga irin wannan zauren biki, an cuce ta, an cuci mai hoto. Saboda wannan giɓin ne ƙungiyar injiniyoyin haske ta Amurka ta fito da sabon ma'auni a 2015, TM-30, mai gwada launuka 99. Ko da hakan, mai tsara haske yakan nemi samfurin kaya da samfurin fitila, ya haɗa su a ɗaki mai duhu ya duba da idonsa. Burodi yana son mai ɗumi, kifi a kan ƙanƙara yana son mai sanyi, zinare mai ɗumi, lu'ulu'u kuwa yana son ƙananan tsinin haske da yawa don ya yi walƙiya. Lokacin da aka sake haska ɗakin ibadar Sistine a fadar Vatican a 2014, kamfanin Osram ya ɓoye ƙwayoyin LED kimanin 7,000 a kan dakalin bango, bayan an auna launukan da Michelangelo ya shafa tsakanin 1508 da 1512 an daidaita hasken da su.

Wani abin kuma da sai an jera fitilu yake bayyana: ƙwayoyin LED ba sa fitowa daga masana'anta iri ɗaya, tantance su ake yi kamar yadda ake tantance goro. Tun 1942 David MacAdam na kamfanin Kodak ya auna iyakar bambancin launi da ido ke iya kamawa, kuma da matakansa ake sayar da su yau. Wanda ya sayi masu mataki 3 zuwa ƙasa zai sami bango launi ɗaya. Wanda ya bi arha zai ga wannan ta yi kore-kore, ta kusa da ita ta yi hoda-hoda, kuma ba gyara sai sauyawa.

Batun sarrafawa ba sai an daɗe a kansa ba. Da tsarin DALI, waya biyu na iya ɗaukar fitilu 64, kowace da adireshinta, a rage wannan a ƙara waccan daga allo guda. Na kusa da taga su dushe da kansu idan rana ta shigo. Akwai masu yin ja-ja idan an rage su, kamar yadda tsohon ƙwai ke yi, don zauren otal ya bi almuru a hankali.

Abin da ya fi dacewa mu kula da shi a wannan yanki namu shi ne zafi. Ana cewa LED ba ta zafi, wannan rabin gaskiya ne. Haskenta ba ya ƙona kaya, amma bayanta yana zafi, kuma zafin nan ne ajalinta. Shi ya sa fitila ta gari take da nauyi a hannu, bayanta haƙarƙari ne na alminiyom mai zuƙe zafi ya sake shi a iska. Awa 50,000 da ake rubutawa a kwali ba ranar mutuwarta ba ce, lokacin da haskenta zai ragu zuwa kashi 70 cikin ɗari ne, kuma galibi a ɗaki mai digiri 25 aka yi gwajin. Cikin silin ƙarƙashin kwano a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu wata duniya ce daban, ga ƙurar hunturu tana toshe haƙarƙarin. Sannan akwai ɗan akwatin da ke daidaita wutar da ke shiga ƙwayar, wanda masu aikin ke kira direba. Yawanci shi ke fara mutuwa, musamman inda wuta ke tsalle tsakanin ta gwamnati da janareta. Direba mara kyau yana sa haske ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya gani, amma wasu kan tashi da ciwon kai, kyamarar waya kuma tana kama shi a matsayin ratsi-ratsi masu tafiya. Mai tsara haske da ya san aikinsa zai tambayi inda za a ajiye direba, da yadda hannu zai kai gare shi bayan shekara biyar ba tare da an fasa silin ba.

Ƙarshen aikin da dare ake yin sa, bayan magina sun tashi, an share ƙura, an jera kaya, sau da yawa saura kwana ɗaya ko biyu a buɗe. Ana kashe komai, a riƙa kunna fitilu ɗaya bayan ɗaya. Yaro yana kan tsani, mai tsara hasken yana ƙasa, ya koma bakin ƙofa inda baƙo zai fara tsayawa. "Ɗan sunkuyar da ita. Ya yi yawa, mayar kaɗan. Tsaya nan, ɗaure." Ya zauna a kujerar mai karɓar kuɗi ya ga ko wata tana soka masa ido, ya tsaya gaban madubin ɗakin gwada kaya ya ga ko hasken sama ya zurma masa idanu, ya durƙusa daidai tsawon yaro ƙarami ya duba ƙarƙashin kanta. Wata fitilar ya sa a canza mata gilashi, wata a sa mata raga, wata kuma, wadda aka saya da kuɗi aka ja mata waya, ya ce a kashe ta gaba ɗaya domin inuwar wurin ta fi kyau. A kanti mai fitila 200 wannan kan kai su asuba. Da safe mai kanti zai zo ya buɗe, hajiya ta farko ta shigo, ta ɗaga turmin atamfa ta juya shi a inda take tsaye, ta tambayi kuɗinsa.